Hosfot: kamfanin layi na gane ka kunna, kuma suna cire maka ƙari?

Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane a nan Bauchi, musamman ɗaliban Yelwa da Gubi da Gwallameji da masu shagunan buga takardu, wai da zarar ka kunna hosfot kamfanin layinka na ganewa sai ya shiga cire maka data ninki biyu. Wasu har rantsuwa suke yi, datar da take kai su sati biyu a waya ranar da suka jona kwamfuta kafin la'asar ta tafi. Toh a gaskiya tambayoyi biyu ne aka cakuɗa wuri ɗaya kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Suna iya ganewa? Eh suna iyawa, hanyoyin ma sun fi ɗaya. Suna cajin ƙari saboda haka? A Najeriya dai, a kan datar gama-gari da kake saya ta *312#, a'a, mega ɗaya mega ɗaya ce ko waya ta sha ko kwamfuta. Amma fa datar tana ƙarewa da wuri da gaske, mutane ba ƙarya suke yi ba, sai dai ba nan gizo yake saƙar ba.

Mu fara da abin da ke faruwa idan ka danna hosfot. Wayarka tana komawa ƙaramar rauta ne kawai, ta karɓi intanet daga turken sabis ta raba wa duk wanda ya jona, ko ta waifai ko ta kebul na USB ko ta Bluetooth, duk abu ɗaya ne. Ba sabon abu ba ne, iPhone ta samu raba intanet tun 2009, Android kuma ta sa shi a cikin saitin waya a 2010. Daga ɓangaren kamfani sim ɗaya suke gani da adireshin intanet ɗaya, duk na'urorin da suka jona suna ɓoye ne a bayan wayarka, don haka ba wai suna zaune suna ganin "Tecno ɗin wane ta jona" ko sunan kwamfutarka ba. Wannan sunan a wayarka yake tsayawa. Abin da suke gani shi ne sawun da saƙon yake bari idan ya fito.

Sawu mafi sauƙi shi ne wani lissafi da ake kira TTL. Duk abin da ka tura ta intanet ana yayyanka shi ne ƙanana ƙanana, kowane yanki yana ɗauke da wata lamba a goshinsa, kuma duk rautar da ya ratsa sai ta rage ɗaya daga lambar, an yi haka ne don kada saƙon da ya ɓata hanya ya yi ta yawo har abada, idan lambar ta kai sifili sai a yar da shi. Ka ɗauka ɗan aike ne aka ba shi goro 64 aka ce duk ƙofar da ya wuce ya ajiye ɗaya, in ya iso wurinka da 64 cif ka san daga ɗakin kai tsaye ya fito, in ya iso da 63 ka san ya biya ta wata ƙofa. Android da iPhone da 64 suke farawa, Windows kuma da 128. Kenan idan saƙo daga wayarka ya taso zai isa wurin kamfani da 64, idan daga wayar abokinka ne da ya jona hosfot ɗinka zai iso da 63 saboda wayarka ta cire nata ɗayan, idan kuma laftof mai Windows ce zai iso da 127, kuma babu wayar hannu da za ta turo 127. Ka ga ko buɗe saƙon ba sai sun yi ba.

Hanya ta biyu ma wayar ce da kanta take faɗa. Kowa ya taɓa cin karo da APN lokacin saita intanet a sabuwar waya, irin su web.gprs.mtnnigeria.net ko gloflat, wato ƙofar da datarka take bi ta shiga wurin kamfani. To a tsarin Android akwai damar a ware wa hosfot ƙofarsa daban, ana sa mata alamar dun, kamfanin da yake son ƙidaya datar hosfot daban sai ya sa wayoyin da yake sayarwa su riƙa bin wannan ƙofar. Wasu wayoyin ma kafin hosfot ya kunnu sai sun tambayi kamfani ko wannan layin yana da izini. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mutum ya sayi waya ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka, komai na aiki lafiya lau amma hosfot ya ƙi kunnuwa yana ta nuna masa wani rubutu, ya yi ta zargin layinsa na nan, alhali ragowar saitin kamfanin can ne bai fita daga wayar ba. A iPhone kuma sau da yawa wurin hosfot ɗin ne yake ɓacewa gaba ɗaya har sai an rubuta APN a gurbinsa, masu gyaran waya na Wunti sun saba da wannan, aikin 'yan mintuna ne.

Sai ta uku wadda ta fi zurfi, duba irin zirga-zirgar da layin yake yi. Kwamfuta mai Windows da ta samu intanet abu na farko da take yi shi ne ta taɓa sabar Microsoft ta tabbatar akwai hanya, daga nan ta fara neman ofdet, waya ba ta yin wannan. Yawancin shafuka yanzu a kulle suke, wato masu https, kamfani ba ya ganin abin da kake karantawa ko saƙon da ka rubuta, amma sunan shafin da ka nufa galibi a fili yake. Duk mai shakkar suna da wannan ƙarfin ya tambayi kansa ta yaya suke sayar da datar WhatsApp zalla ko ta YouTube ko TikTok, ka saya ka buɗe wani shafi daban ya ƙi buɗuwa. Na'urar da take iya bambanta WhatsApp da YouTube ba za ta kasa bambanta laftof da waya ba.

Waɗanda suka daɗe a harkar waya za su tuna zamanin BlackBerry, lokacin da datar BIS, wato wadda aka ware wa BlackBerry, ta fi ta kowa araha, samari suka riƙa kai wayoyinsu na Android ana canza musu lambar IMEI ta koma irin ta BlackBerry don su ci wannan arahar. Me ya sa sai an canza? Saboda IMEI lamba ce mai alƙaluma 15, takwas na farko suna faɗin irin na'urar, kuma duk lokacin da sim ya hau sabis kamfani na karɓar wannan lambar. Tun wancan lokacin sun san ko a waya sim ɗinka yake ko a MiFi ko a rauta. Wannan ba ya nuna musu hosfot kai tsaye, amma shi ne yake ba su damar ware wasu tsare-tsare su ce na rauta ne kaɗai.

Masu cewa a sa VPN, wato manhajar da ke ɓoye shafukan da kake shiga, shikenan an ɓace, a yi hattara. Idan a kwamfutar ka kunna VPN, eh sunan shafukan ya ɓuya amma lambar nan 127 tana nan a goshin saƙon. Idan kuma a wayar ka kunna, a yawancin wayoyin Android datar masu jona hosfot ba ta ma bi ta cikin VPN ɗin, gefe take ratsawa.

Toh tunda suna iya gani, me ya hana su caji? Amsar tana wurin yadda ake sayar da data. Labarin cajin hosfot da mutane suke karantawa a intanet yawancinsa daga Amurka ya taso, kuma can gaskiya ne. Kamfanoninsu sun sayar wa mutane data marar iyaka suna lissafin cewa waya ƙaramar aba ce ba za ta sha da yawa ba, sai mutane suka mayar da wayar intanet ɗin gida gaba ɗaya, kwamfuta da talabijin duk a kai. A 2011 kamfanin AT&T ya riƙa tura wa masu raba intanet ta bayan fage saƙo cewa ko su daina ko a mayar da su tsarin dala 45 a wata. Verizon a lokacin yana karɓar dala 20 a wata kuɗin hosfot kaɗai, har ya sa aka toshe manhajojin da ke kauce wa wannan cajin, a 2012 hukumar sadarwa ta Amurka FCC ta sa ya biya dala miliyan 1.25 kuma ya daina toshewar. A 2015 shugaban T-Mobile na lokacin ya fito fili yana kokawa cewa akwai masu ɓoye hosfot ɗinsu suna shan har terabayit 2 a wata, giga dubu biyu kenan a layi ɗaya. Har gobe yawancin tsare-tsaren marar iyaka na can suna da wani kaso da aka ware wa hosfot, in ya ƙare a rage maka gudu. Turai ta bi wata hanyar, dokarsu ta 2015 ta ba mai saye damar amfani da na'urar da ya ga dama, a Ingila ma a 2018 hukumar sadarwarsu Ofcom ta binciki kamfanin Three har ya janye takunkumin da ya sa wa hosfot.

Mu a nan da awo ake sayar mana. MTN, Airtel, Glo da na huɗunsu da aka sani da 9mobile duk giga suke ƙirga maka, ka biya na 10 a ba ka 10, saboda haka in ka jona kwamfuta ta shanye a kwana biyu su riba ce a wurinsu, gobe za ka dawo ka sake saya. Ba su da dalilin hana ka, ba su kuma buƙatar ɓoyayyen caji. Ni a ganina ma haka ya kamata ya kasance, wanda ya sayi data da awo tasa ce, ko a waya ya sha ko ya ba maƙwabcinsa ba ruwan kowa, musamman yanzu da kuɗin ya ƙaru tun bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Duk ranar da wani kamfani ya ce zai caji hosfot daban a kan datar awo, wannan abin a tashi a yi magana ne.

Inda za ka kula shi ne tsare-tsare na musamman. Datar soshiyal an yi ta ne don wasu manhajoji, in kwamfuta ta jona ta fara neman abin da ba ya cikin tsarin, ko dai ya ƙi tafiya ko ya faɗa kan babbar datarka, in babu ita kuma layinka yana kan tsarin cire kuɗin kati to katin ne zai tafi, kuma farashin cirewa daga kati ya fi na tsari tsada nesa ba kusa ba. Da yawa daga masu cewa "hosfot ya cinye min kati" wannan ne ya same su. Datar dare tana da lokacinta, in ka bar abu yana sauka ka yi barci ya tsallake lokacin, sauran daga ta rana za a cire. Wadda ake kira marar iyaka kuma kusan kullum akwai wani adadi a ƙananan rubutun sharuɗɗa wanda in ka kai shi gudun zai ragu, da hosfot kuwa nan da nan za ka kai.

Yanzu ga ainihin inda datar take tafiya, kuma nan ne nake so a tsaya a fahimta don nan ne kuɗin mutane yake zubewa kullum.

Duk na'urar da ta ga alamar waifai ɗauka take ta samu intanet na gida wanda ba a ƙirgawa, haka waɗanda suka ƙera ta suka tsara, don a ƙasashensu haka abin yake. Saboda haka akwai tarin ayyuka da waya take ajiyewa tana jiran ranar da za ta ga waifai. Play Store saitinsa na asali shi ne ya sabunta manhajoji idan an samu waifai kawai. WhatsApp a kan datar sim hotuna kaɗai yake saukewa da kansa, amma a kan waifai komai yake kwasowa, bidiyo da sauti da takardu na duk gurup ɗin da kake ciki. Google Photos da iCloud suna jiran waifai su ɗora hotuna da bidiyon da aka ɗauka, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ɗorawa ma data take ci daidai da saukewa.

Ka duba yadda abin yake faruwa a gida. Ƙanwarka ta dawo daga biki a Azare, ta zo ta ce "Yaya dan Allah ɗan kunna min hosfot in tura saƙo ɗaya, yanzu zan kashe." Kuma da gaske take, saƙo ɗayan za ta tura. Amma wayarta ta yi sati uku ba ta ga waifai ba, akwai manhajoji goma sha da ke jiran ofdet, akwai bidiyon kamu da na walima da ta ɗauka suna jiran bakof, gurup ɗin ƙawaye ya cika da bidiyo da ba a sauke ba. Yi lissafi da kanka, hoto 200 in kowane mega 3 ne mega 600 kenan, ba a zo kan bidiyo ba. Tana rubuta "na iso lafiya" wayar tana can ƙasa tana aikinta shiru, kai kuma sai saƙo ya shigo maka cewa datarka ta kusa ƙarewa, ka ce ai ga shi nan, kamfani ya gane na kunna hosfot. Gaskiya ne wasu wayoyin Android suna gane hosfot ɗin 'yar'uwarsu su ɗauke shi a matsayin mai awo, amma ba kowace manhaja ce take mutunta hakan ba, da yawa alamar waifai kawai suke kallo.

Kwamfuta kuwa ta fi haka. Windows tana fitar da ofdet duk Talata ta biyu a wata, laftof ɗin da aka sayo na hannu ko wanda ya daɗe a jaka bai hau intanet ba yana da bashin watanni a kansa, kuma babban ofdet giga da yawa yake ci, Windows 11 kanta fayil ɗinta ya haura giga 5. Ɗalibi ya jona don ya tura wa malaminsa babi ɗaya na furojet wanda bai kai mega 2 ba, a bayan fage Windows tana saukewa, antibayros yana saukewa, burauza tana sabunta kanta, OneDrive yana ɗora fayiloli. Ƙari a kan haka shafukan da ake buɗewa a kwamfuta sun fi na waya nauyi, kuma YouTube in ya ga babban allo da gudu mai kyau sai ya ɗaga ingancin hoton da kansa. Bambancin ba ƙarami ba ne, Netflix da kansu sun ce awa ɗaya a inganci na talaka yana kaiwa giga 1, a HD giga 3, a 4K har giga 7. Fim ɗaya ne, tsawonsa ɗaya, amma kuɗin ya ninka sau bakwai.

Maganin ba wahala gare shi ba, sai dai dole a yi shi kafin a jona ba bayan data ta tafi ba. A Windows ka shiga saitin waifai ɗin, ka danna sunan hosfot ɗinka, ka kunna wurin da aka rubuta Metered connection, wannan yana gaya wa kwamfutar cewa intanet ɗin nan ƙirga shi ake yi, sai ta dakatar da yawancin manyan ofdet. A lura, in ta kebul na USB ka jona, Windows kallon intanet mai igiya take masa, shi ma sai ka kunna masa nasa daban. USB ɗin dai yana da amfani a watannin zafi irin Maris da Afrilu da waya take ɗaukar zafi kamar me in hosfot ya daɗe a kunne, don yana caja ta kuma ba ya wahalar da batir kamar waifai. A Android ɗin da zai jona, cikin saitin waifai akwai inda za ka ce a ɗauke shi a matsayin mai awo, a iPhone sunansa Low Data Mode. Sannan a wayar da take rabawa, yawancin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu suna da wurin ƙayyade yawan na'urorin da za su jona, wasu har da iyakar data, ka sa mega 200 in ta cika ya yanke da kansa, ba sai ka yi wa ƙanwarka faɗa ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi data muhimmanci wanda ba a cika magana a kai ba. Tunda kamfani sim ɗaya yake gani, duk abin da wani ya aikata ta hosfot ɗinka da sunan layinka aka yi shi, layin kuma tun daga ƙarshen 2020 aka fara ɗaure shi da lambar NIN. Wanda ya zauna kusa da kai a tasha ko a majalisa ya ce "Malam taimaka min da hosfot," in ya yi damfara ko ya tura wa wani barazana, idan bincike ya biyo sawu layinka zai fara tararwa kafin a zo maganar wane ne ya jona. Ba cewa nake a daina taimako ba, amma hosfot marar fasawod ko mai 12345678 wallahi ganganci ne, kuma wanda ka ba baƙo ka canza shi bayan ya tafi don wayarsa tana riƙe shi, duk ranar da ya sake matsowa kusa za ta jona da kanta.

In kuma duk ka yi wannan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, kana ganin ana cire maka fiye da abin da ka sha, to akwai yadda ake gwadawa ba sai an yi ta musu ba. Ka danna *323# ka rubuta abin da ya rage kafin ka kunna hosfot, ka yi aikinka, ka kashe, ka sake dannawa ka ga nawa ya tafi. Sai ka shiga wurin lissafin data a saitin wayarka, Android tana nuna abin da hosfot ya sha a layinsa daban da na sauran manhajoji, iPhone ma tana nunawa a ƙarƙashin System Services, Windows kuma tana jera maka manhajar da ta sha da adadin da kowace ta sha. Ɗan bambanci kaɗan tsakanin lissafin waya da na kamfani ba abin damuwa ba ne, amma in ka ga waya ta ce mega 500 kamfani ya cire giga 1, ka ɗauki hoton allon duka biyun da lokaci a jiki, ka kira 300 ka shigar da ƙorafi ka karɓi lambar ƙorafin, in ba su warware ba ka kira NCC a 622, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka.